Daren gwarazan shiyya: a karanta labarin ne ko a mayar da shi wasa?

Sadiya: Assalamu alaikum malamaina. Ga tambaya ga waɗanda suka san dandamali da waɗanda suka san gasar adabi. A ce gasa ce ta gajerun labarai mai shiyya biyar, kowace shiyya ta fitar da gwarzonta, ana so a tara su dare guda a ɗakin wasan kwaikwayo, a karrama su, jama'a kuma su ji abin da suka rubuta. Yaya ake tsara daren? Karanta labaran za a yi ko a mayar da su wasa? Kuma a daren ne ya kamata a faɗi gwarzon gwaraza?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin a kai ga ra'ayi, a fara da lissafi, domin agogo ne zai yanke rabin gardamar. Mu ɗauki gasar gajerun labarai ta ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila a matsayin ma'auni, tunda tsarinta ke nan: shiyyar Afirka, Asiya, Kanada da Turai, Karebiyan, sai Fasifik. An fara ta a 2012. Labari ba ya gaza kalma 2,000, ba ya wuce 5,000. Gwarzon shiyya yana samun fam 2,500, na gaba ɗaya fam 5,000.

To, mai karatu a gaban jama'a, idan yana so a fahimce shi, kalma 130 zuwa 140 yake yi a minti ɗaya. Labari mai kalma 5,000 zai ci kusan minti 38. Biyar irinsa sun haura awa uku, ba a sa jawabi ba, ba a sa tafi ba, ba a sa hawa da sauka ba. Ko mafi gajartarsu, na kalma 2,000, minti 15 ne kowanne. Don haka maganar karanta labari sukutum ta mutu tun daga nan. Tsakure ake yi: kalma 800 zuwa 1,000, wato minti shida zuwa bakwai. Ƙara minti ɗaya na gabatarwa, minti ɗaya na tafi da sauyin mutum, kowane gwarzo ya ci minti tara. Biyar, minti 45. Wannan shi ne ƙashin bayan daren, sauran duk ado ne.

Darakta Isiyaku: Allah ya gafarta Malam, lissafinka daidai, amma ban yarda a tsaya a karatu ba. An ce ɗakin wasa, an kunna fitilu, an sayar da kujeru, sannan a tsayar da mutum a bayan teburi yana kallon takarda? Wannan ai lacca ce. Minti bakwai ɗin nan ya isa fitowa guda mai kyau: 'yan wasa biyu ko uku, kujera ɗaya, haske ɗaya. Gani ya kori ji.

Hajiya Binta: Darakta, a wannan daren dai ji ne ya kamata ya kori gani. Alƙalai ba don abin da ya faru a labarin suka ba shi kyauta ba, don yadda aka faɗe shi ne. Da zarar ka mayar da shi wasa, abu na farko da zai faɗi ƙasa shi ne muryar mai ba da labari, ita kuwa ce ta ci gasar. Abin da zai rage maka hira ce tsakanin taurari, kuma gajeren labari mai kyau sau da yawa hirar cikinsa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Dole ka ƙirƙiro maganar da marubuci bai rubuta ba. Daga nan kuwa aikinka 'yan kallo za su tafa wa, sunan marubucin ne kawai a kai.

Sannan akwai rashin adalci da ba a gani. Cikin labarai biyar, biyu za su zauna daram a dandamali saboda akwai rigima da musayar magana, sauran kuwa tunani ne a cikin kan mutum guda. Idan aka mayar da duka wasa, na tunanin za su fito kamar ba su da rai, jama'a su tashi suna cewa alƙalai sun yi son kai.

Darakta Isiyaku: Wannan ta biyun ta kama ni, Hajiya. Amma ta farkon akwai maganinta. Akwai tsarin da ke tsakanin biyun, karatun dandamali: 'yan wasa suna riƙe da rubutun, ba haddacewa, ba kayan ado, ba shimfiɗar wuri. Mutum ɗaya ya ɗauki muryar mai ba da labari, sauran su ɗauki taurari. Ba a ƙara kalma ko ɗaya, abin da ake cirewa kawai irin su "in ji shi" da "ta ce", tunda kunne ya riga ya ji wanda ya yi maganar. Labarin da yake tunanin mutum guda kuwa, ɗan wasa ɗaya ya ishe shi.

Bambancin kuɗi da lokaci ma ba kaɗan ba ne. Abin da masu sana'ar suka saba lissafawa shi ne kusan awa guda ta gwaji ga kowane minti guda na cikakken wasa. Minti 35 na fitowa biyar, kun ga awa 35 ke nan, ban da ɗinki da kafinta. Karatun dandamali kuwa zama uku ya wadatar: ɗaya a kan teburi don a fahimci rubutun, ɗaya a tsaye, ɗaya a ɗakin da za a yi, da makirfo da fitila.

Hajiya Binta: A nan mun haɗu. Sharaɗina ɗaya: marubucin ya ga yankan kafin zama na farko.

Sadiya: To me zai hana marubucin ya karanta abinsa da kansa, Hajiya? Ai shi aka zo gani.

Malam Habu: Iya rubutu daban, iya karatu a gaban mutum ɗari uku daban. Kurakuran marubuta a dandamali kusan iri ɗaya ne: sauri saboda fargaba, hadiye ƙarshen jimla, da binne fuska a takarda. Wanda ya san labarinsa ciki da bai yakan manta cewa mai sauraro yau ya fara jin sa. Kuma idan aka bar wasu su karanta da kansu, wasu 'yan wasa su karanta musu, an sake komawa rashin adalcin da Hajiya ta faɗa. Tsari ɗaya ga kowa. Abin da ya fi tafiya daidai: marubuci ya fito ya yi minti ɗaya zuwa biyu, ya amsa tambaya guda da aka ba shi tun da wuri, ya zauna a gefen dandamali inda ake ganinsa, 'yan wasa su karanta. An gan shi, an ji muryarsa, labarin kuma bai sha wahala ba.

Kar a ɗauka yanka rubutu don kunne wulaƙanta shi ne. Charles Dickens, shahararren marubucin Ingila, ya yi karatun littattafansa ga masu biyan kuɗin shiga daga 1858 zuwa 1870, kuma ba daga littafin kasuwa yake karantawa ba. Yana da kwafe na musamman da ya soke sakin layi, ya haɗe wurare, ya rubuta wa kansa umarnin murya a gefe. Mai abin da kansa ke nan.

Anti Rabi: Bari in zauna a kan zaɓen tsakuren, don nan ne yawancin darare irin wannan suke lalacewa, ba a wajen fitila ba.

Kar a ɗauko ƙarshen labari. Manufar ita ce mutum ya fita yana neman sauran. Kuma ba lallai ne farkon ba, domin wasu labaran shafinsu na farko shimfiɗa ce da ido ke jurewa, kunne kuwa ba ya jurewa. A nemo wuri guda, lokaci guda, mutum biyu ko uku, inda wani abu ya juya: an faɗi abin da ake ɓoyewa, wani ya shigo, wani ya ƙi. A tsaya jimla ɗaya ko biyu bayan juyin, ba a jira ƙura ta lafa ba.

Abubuwan da ke kashe kunne: waiwaye cikin waiwaye, sunaye sun fi huɗu a minti biyun farko, sunaye biyu masu kama da juna, da duk wata dabara da ta dogara da fasalin shafi, kamar rubutun gicciye don nuna tunani ko fili tsakanin sassa. Mai karanta littafi yana iya komawa baya idan ya ɓace. Mai sauraro idan ya ɓace, ya ɓace ke nan har tafi.

Gabatarwar tsakuren kada ta wuce jimla uku: wane ne, ina yake, me ya faru kafin nan. Editan da ya yi yankan ne zai rubuta ta, ba a barin mai gabatarwa ya ƙago a tsaye. Kuma a auna lokacin da agogo, da baki, a tsaye. Karatun zuci yana yaudara, ya kusan ninka na baki sauri.

Takardar kanta: haruffa masu girman 16 ko 18, tazara biyu tsakanin layuka, fuska ɗaya kawai, lamba a kowane shafi, kuma kada jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi. Ba a maƙale ta da ƙarfe. A jera a kan abin ɗora takarda, mai karatu yana zame shafin da ya gama zuwa gefe maimakon juyawa, don makirfo yana kama ƙarar juyin takarda fiye da yadda ake zato.

Barista Nura: Kafin a yi nisa, Anti, duk wannan yankan da izinin wa? Cin gasa ba ya mayar da labari mallakar masu gasa. A yawancin gasanni haƙƙin mallaka yana hannun marubuci, abin da ya ba masu gasar izini ne takamaimai, galibi na bugawa da tallatawa. Karantawa a bainar jama'a haƙƙi ne daban. Mayarwa wasa haƙƙi ne daban. Ɗauka a bidiyo da watsawa kai tsaye a intanet, shi ma daban. Yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta, wadda aka ƙulla tun 1886 kuma mafi yawan ƙasashen duniya ke ciki, ta bambance su, ta kuma ba marubuci damar ƙin duk wani sauyi da zai ɓata aikinsa ko sunansa ko da ya sayar da sauran haƙƙoƙin.

Takarda mai shafi ɗaya ta isa, amma ta faɗi: wane sashe, daga ina zuwa ina, sau nawa za a gabatar, za a ɗauka ko a'a, tsawon wane lokaci bidiyon zai zauna a intanet, wa ke da maganar ƙarshe a kan yanka. A kuma duba ko akwai mujallar da aka ba damar fara bugawa. A gasar da Malam Habu ya kawo misali, mujallar Granta ta yi shekaru tana buga labaran gwarazan shiyya a shafinta. Idan darenku ya riga ranar bugawa, watsa karatun na iya saɓa alƙawarin da aka yi wa mai bugawa.

Wanda aka fi mantawa da shi kuwa mafassari ne. A 2019 labarin da ya ci gasar gaba ɗaya na Constantia Soteriou ce daga Saifurus, da Girkanci ta rubuta, Lina Protopapa ta fassara. A irin wannan, kalmomin da za a ji a dandamali na mafassarin ne. Sai an nemi izininsa, sai an faɗi sunansa da baki, sai an rubuta shi a takardar shiri.

Injiniya Lawal: Barista ka manta da kiɗa.

Barista Nura: Ban manta ba, na bar maka. Amma a taƙaice: waƙar wani da aka sa tsakanin karatu da karatu tana buƙatar lasisi, kuma idan ana watsawa a Facebook ko YouTube, na'urarsu tana iya gano ta, ta kashe sautin ko ta tsayar da watsawar a tsakiyar biki. Makaɗi guda a zaune yana buga abin da ya ƙirƙira da kansa ya fi sauƙi ta kowace fuska.

Injiniya Lawal: To ga nawa. Dare ne na magana, saboda haka sauti ne sarki, fitila bafade.

A fara da ɗakin. Tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya, ka saurari tsawon lokacin da ƙarar ke ɗauka kafin ta mutu. Magana tana son kusan daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Zauren da aka gina don kiɗan taro yakan kai daƙiƙa biyu, abin da ke ƙawata goge shi ke cakuɗa kalmomi. Idan ɗakin na da amsa-kuwwa, ƙara ƙarfin sauti ba ya gyarawa, ƙara dagulawa yake yi. Maganinsa labule masu kauri a bangon baya da gefe, da juya lasifika su kalli mutane, ba bango ko rufi ba. A tuna kuma jikin mutane yana shanye sauti, ɗakin da aka gwada babu kowa zai canza idan ya cika, don haka mai kula da na'ura ya zauna cikin ɗakin, ba a wani ɗaki mai gilashi ba.

Makirfo: ga masu karatu a tsaye wuri guda, na kan sanda mai waya, mai ɗaukar sauti ta gaba kawai, ya fi komai. Tazararsa da baki santimita 10 zuwa 15, a ɗan karkace, kada iskar "b" da "f" ta buge shi kai tsaye. Duk lokacin da mai magana ya ninka tazararsa da makirfo, sauti yana faɗuwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Sai mai na'ura ya ƙara, sai makirfo ya fara jin lasifika, sai wannan kukan mai tsinka kunne. Asalin kukan ke nan: sauti ya fita daga lasifika, ya koma makirfo, ya sake fita, yana zagaye. Don haka lasifika su kasance gaba da makirfo, ta wajen 'yan kallo, kuma duk makirfon da ba a magana a cikinsa a rufe shi. Idan masu karatu uku ne a jere, tazarar makirfo da makirfo ta ninka tazarar baki da makirfo sau uku aƙalla, in ba haka ba murya ɗaya za ta shiga biyu, ta fito kamar daga cikin bututu.

Na maƙalawa a riga mara waya yana da kyau a hoto, amma yana ɗaukar sauti ta ko'ina, ya fi saurin kuka, kuma sarƙa ko gyale suna goga shi. Idan dole ne, sabon batir kafin a buɗe ƙofa, ba wanda aka yi gwaji da shi ba, da makirfo mai waya guda a ajiye a gefe a kunne. Dogon ɗaki kuwa, wanda ake buƙatar ƙarin lasifika a tsakiya, sai an jinkirta na bayan. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ga kowace mita. Idan ba a jinkirta ba, na baya za su ji kowace kalma sau biyu.

Darakta Isiyaku: Bafaden ma a ba shi haƙƙinsa, Injiniya. Fitila biyu ga kowane wurin tsayawa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a kusurwar digiri 45 daga gefe da kuma daga sama, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai ɗan sanyi. Tsohon tsari ne, Stanley McCandless ya rubuta shi tun 1932, har yau yana aiki. Ta uku daga baya, don ta raba mutum da baƙin labule. Hasken da ya zo kai tsaye daga gaba yana kashe wa mai karatu ido, idan ya ɗago ya koma takarda sai ya rasa layi. Wanda ya sauko daga tsakar ka yana mayar da idanu ramuka. A gwada da ainihin takardar, don farar takarda tana mayar da haske fuska, mai tabarau kuma gilashinsa yana walƙiya. A gwada da mutanen da za su tsaya ɗin, saboda hasken da ya dace da wata fata yana iya dusashe wata, musamman a kyamara.

Tsakanin karatu da karatu ba na son duhu ɗif. A rage haske daƙiƙa uku zuwa biyar, a sa tef mai ƙyalli a bakin dandamali da matakala. Marubuta ba 'yan wasa ba ne, ba su san inda katako ya ƙare ba.

Sadiya: Na gode malamaina. Idan labarin da wani harshe aka rubuta shi fa, kuma ana so a ji asalinsa?

Anti Rabi: Sakin layi ɗaya da harshen asali daga bakin marubucin, minti ɗaya, sannan fassarar ta ɗauka daga farko. Idan kuwa duka za a yi da harshen asali, sai fassara a allo sama da dandamali, dabarar da wani kamfanin wasan waƙe na Toronto ya fara amfani da ita a 1983. Layi biyu a lokaci guda, kowanne kusan harafi 40, farin rubutu a kan baƙi. Mutum ne ke matsa kowane allo da hannu yana bin bakin mai karatu, kuma ya zama yana jin harsunan biyu. Kar a sa wa na'ura lokaci. Mai fassarar bebaye shi ma a ba shi rubutun kwanaki kafin ranar, da nasa hasken, kuma su zama biyu suna karɓar juna kamar kowane minti 20.

Malam Habu: Saura tambayarki ta uku, wadda kowa ya zagaye. A ganina kada a faɗi gwarzon gaba ɗaya a wannan daren. Da zarar an ce akwai sanarwa a ƙarshe, gwaraza biyar sun koma 'yan takara biyar, huɗu za su koma gida a matsayin waɗanda suka faɗi a daren da aka ce nasu ne. 'Yan kallo kuma za su saurari kowane karatu da ma'auni a hannu, alhali minti bakwai suka ji, alƙalai kuwa cikakken labari suka karanta. Gasar ƙasashe rainon Ingila ma tana raba su: a sanar da gwarazan shiyya, a bar makonni mutane su karanta, sannan a faɗi na gaba ɗaya.

Darakta Isiyaku: Allah ya gafarta Malam, dare ba shi da abin jira, me zai riƙe mutane bayan hutun rabin lokaci? Kuma wa ke da kuɗin tara mutum biyar daga shiyya biyar sau biyu?

Hajiya Binta: Ga gaskiya a bakin Darakta, aljihu ne ke yanke wannan. Idan dole a haɗa, ga abin da ke rage ɓarnar. Kowane gwarzon shiyya ya karɓi kyautarsa a hannu nan take bayan karatunsa, da hotonsa, da kalaman alƙalin shiyyarsa, kada a tara su zuwa ƙarshe. Jerin fitowa ya bi haruffan sunan shiyya ko ƙuri'a, kuma a faɗa wa jama'a haka, in ba haka ba za a ɗauka na ƙarshe shi ne na ɗaya. Lokacin sanarwa su kasance a kujerunsu cikin jama'a, ba a jere a dandamali haske na dukan fuskarsu ba.

Hukuncin kuwa a gama shi kwanaki kafin ranar, a rubuce, da sa hannun kowane alƙali. Kuma tun kafin a fara karanta labarai a rubuta abin da za a yi idan ƙuri'a ta yi kunnen doki. Inda ake da alƙali ɗaya daga kowace shiyya biyar da shugaba, mutum shida ke nan, uku da uku na iya faruwa, sai a faɗi tun farko ko shugaba na da ƙuri'ar raba gardama. Kyautar Booker, babbar kyautar littattafan ƙirƙira na Turanci, an raba ta biyu a 1992, aka kafa dokar hana rabawa, amma a 2019 alƙalai suka ƙi bin dokar suka sake raba ta. Idan mai wannan girman ta shiga wannan hali, ƙaramar gasa ba ta fi ƙarfinsa ba.

Barista Nura: A ƙara da ambulan. A bikin Oscar na 2017 an sanar da fim ɗin da ba shi ya ci ba, saboda ambulan kashi biyu ne, ɗaya a kowane gefen dandamali, aka miƙa wa mai sanarwa kwafin rukunin da aka riga aka wuce. Har an fara jawabin godiya kafin a gyara. Ambulan ɗaya, a hannun mutum ɗaya, sunan rukunin da manyan haruffa a waje da ciki, sunan gwarzon tare da yadda ake furta shi. Kuma mai kula da dandamali ya san sunan, a ba shi ikon fitowa nan take idan an yi kuskure, ba sai ya nemi izinin kowa ba. 'Yan jarida idan an ba su sakamakon da wuri, a rubuta musu ranar da sa'ar da aka yarda su fitar, da agogon wace ƙasa.

Injiniya Lawal: Batun agogo ya tuna mini da gwarzon da bai samu zuwa ba, biza ko jirgi. Kar a dogara da kiran bidiyo kai tsaye. Akwai jinkiri tsakanin tambaya da amsa, muryarsa kuma tana fita daga lasifikan ɗakin ta koma masa ta makirfo. Ga kuma lokaci: ƙarfe bakwai na yamma a Landan a watan Yuni, ƙarfe ɗaya na rana ne a Jamaika, sha ɗaya da rabi na dare a Indiya, shida na safiyar gobe a Niyu Zilan. Kowane gwarzo, har wanda ya ce zai zo, ya aiko da bidiyon daƙiƙa 90 mako biyu kafin ranar, waya a kwance ba a tsaye ba, taga a gabansa ba a bayansa ba. A sauke shi a kan kwamfutar ɗakin, da kwafi a wata ta biyu. Idan ana so a haɗa shi kai tsaye don ya ga tafi, a yi, amma shirin ba ya tsayawa jiran sa.

Sadiya: Wato jadawalin zai zama yaya ke nan gaba ɗaya?

Malam Habu: Maraba minti uku. Shugaban alƙalai minti biyar. Gwaraza uku, idan an haɗa da maganar marubuci da miƙa kyauta, minti 11 kowanne, 33. Hutu minti 15 zuwa 20. Gwaraza biyu, 22. Sanarwa da godiyar gwarzo, idan ana yi, minti takwas. Duka bai kai awa biyu ba. Abin da ke kumbura shi jawaban manyan baƙi da masu ɗaukar nauyi ne, idan dambu ya yi yawa kuwa ba ya jin mai. Mutum ɗaya ya yi magana a madadinsu duka, minti uku, sauran a sa sunayensu a takardar shiri da allo.

Darakta Isiyaku: Kuma duk wannan ya shiga takarda ɗaya a hannun mai kula da dandamali, layi-layi: lokaci, wa zai shiga, ta wane gefe, wane makirfo, wane haske, me ke kan allo. Shi kaɗai ke ba da umarni, kashi biyu, "ku shirya" sannan "yanzu". Ba a fafe gora ranar tafiya: gwajin ƙarshe a yi shi da rana a ɗakin, da marubutan, kowa ya taka hanyarsa daga kujera zuwa makirfo ya dawo. A ba su kujerun bakin layi kusa da matakala. Masu latti a tsayar da su a ƙofa har a gama karatun da ake ciki.

Anti Rabi: Mai gabatarwa kuma ya kira kowane marubuci ya ji yadda yake furta sunansa, ya ɗauka a waya, ya maimaita. Shiyya biyar, harsuna biyar ko fiye, rubutun suna ba ya nuna furucinsa. Sannan a ƙofar fita a tanadi inda mutum zai samu cikakken labarin, ko ɗan littafi idan Barista ya samo izini, ko adireshin shafin da aka buga shi a bayan takardar shiri. An yanke masa labari a daidai inda ya juya, ba a barin sa ya tafi haka.

Barista Nura: Ɗan littafin izini ne na daban, Anti, layi na bakwai a takardar: kwafi nawa, kyauta ko na sayarwa.